Ranar Da Taubashina Ya Gaishe Ni

Ku gyara zama, 'ya'yana, ku da kuka saba karanta labarin 'yan mata masu jan baki da samari masu mota. Yau tsohuwa ce ta shigo layi. Sunana Ishatu, amma a Tudun Wada in ka ce Ishatu sai a yi ta kallonka. Ce Inna Shatu mai waina, ko ka ce Gidan Rediyo, yanzu a nuna maka ƙofarmu. Wannan suna na biyu matan layinmu ne suka liƙa mini, ban kuma taɓa jin haushi ba don gaskiya suka faɗa. Ba a yin ciki, ba a yin saki, ba a sayen sabon firiji a unguwar nan ban riga kowa ji ba. Na binne miji, na aurar da 'ya'ya, haƙorana biyu na gaba sun riga ni tafiya. Da wannan duka ina da manemi. Ku yi dariyarku, ni ma da farko dariya na yi.

Sunansa Malam Ɗantsoho, ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya. Dogo ne siriri, kullum cikin farar jamfa da ta sha shuɗi, a kan wani baƙin keke da ya girmi wasunku, da 'yar rediyo ɗaure da roba a kan kan keken. Mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, wato taubashina ne. Ku yaran yanzu da ba ku san ko sunan kakanninku ba, bari in gaya muku. Tsakanin ɗan mace da ɗan namiji babu kunya, babu fushi. Zagi ne gaisuwarmu. In na haɗu da Ɗantsoho a gaban sarki zan iya ce masa ɓarawo, shi kuma ya ce mini baiwarsa, ba wanda zai ɗaga kai. Tun muna yara a gidan kakarmu ya saci ƙwan zabinta ya dafa a gwangwani, ni na tona shi, daga ranar nake kiransa Ɓarawon Ƙwai. Shi kuma Kwaɗayayya yake ce mini, wai don na tona shi ne saboda bai sam mini ba. To, bai sam mini ɗin ba.

Ko auren ma da zagi ya nema. Matarsa ta rasu, ya yi zaman da zai yi, sai ya fara ratsowa ta zaurenmu bayan la'asar, ya jingine keke, ya zauna a bakin tabarma yana kushe wainata yana ci. Wata rana ya share hannu ya ce, "Ke tsohuwar banza, tunda na ga ba mai kwasarki, zan daure in kwashe ki ko don lada." Na ce masa ni ma dama ina neman wanda zai riƙa ɗebo mini ruwa. Wallahi na ji kunya irin wadda rabona da ita tun ina budurwa, na ja mayafi na rufe bakin da ba haƙora. Muka tsayar da magana a kan in ruwa ya ɗauke za a ɗaura aure. Na sayi atamfa koriya mai zanen ganye ruwan ɗorawa, na kai wa tela, na ce kada ya kuskura ya yi mini ɗinkin tsofaffi.

'Ya'yanmu ba su so ba. Ɗana Zulkiflu, mai sayar da caja da murfin waya a kan tebur a Kwangila, ya ce abokansa za su yi masa dariya, wai uwarsa amarya. Na ce ai kai ma ta hanyar amarcin nan ka zo duniya. 'Yar Ɗantsoho kuwa, Sakinatu, malamar makaranta ce tana aure a Dutsen Abba. Ita in ta gaishe ni kamar tana tauna tsakuwa. A ganinta bakina ya yi yawa ga mahaifinta. Na so in ce ƙarya take yi. Ku dai bi ni.

Bayan layinmu akwai wani fili. Ba wani abin kallo ba ne, jar ƙasa ce da bishiyar darbejiya guda. Amma nan yara ke buga ƙwallo, nan ake kafa rumfar biki, nan ake sallar gawa in masallaci ya cika, kuma da damina duk ruwan layukanmu nan yake gangarawa ya kwanta maimakon ya shigo mana ɗaki. Sai ga wani Alhaji, ba zan kama sunansa ba, ni dai Mai Bulo nake ce masa don sana'arsa ke nan, ya zo da takardu wai filin nasa ne, zai zuba shaguna hawa biyu. Unguwa ta tashi, aka kafa kwamiti, aka ɗora Ɗantsoho a kai don kowa ya san ko lemo aka ba shi a ofis sai ya tambayi dalili. Shi ke hawa keke ofis zuwa ofis. Har ya rame.

Ranar da abin ya faru, suna ake yi a gidan maƙwabciyarmu Talatu. Na ci ado, leshi ruwan toka da mayafi fari, na sha lalle har gwiwar hannu, na ɗauko kwanon waina zan kai. Da na ɓullo ta filin sai na hango maza sun taru a gindin darbejiya, har da liman. A tsakiyarsu ga wani mutum cikin kwat duk da zafin nan, riƙe da makirfo mai soso a kai, abokin aikinsa ya kafa waya a kan sanda. Adnan sunansa, shi ke da shafin nan na Kunnen Gari da kowa ke kallo a waya. Wai sun zo jin ra'ayin jama'a. Ɗantsoho na tsaye yana ta bayani, yana nuna inda ruwa ke bi, yana lissafa gidajen da za su nutse in aka toshe. Bayani mai tsawo, irin na mutanen reluwe. Na ga Adnan yana hamma a ɓoye.

Ni kuma shaiɗan ya ja ƙafata. Ko in ce al'ada ta ja ni, don ban taɓa ganin Ɗantsoho tsaye a gaban mutane na wuce ban tsokane shi ba. Na kutsa na tsaya a gaban wayar nan, na ce:

"Ɗan nan, kada ka ɓata cajinka a kan wannan tsoho. Ɓarawo ne tun yana yaro, ni shaida ce, gida ɗaya muka tashi. Filin nan ai ya daɗe da sayar da shi a ɓoye, shi ya sa yake ta kumfar baki. Ni ma da zai sami mai saye da tuni ya kai ni kasuwa."

Wurin ya kaure da dariya. Liman ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ɗantsoho ya sunkuya yana laluben aljihu, ya ciro goro ya miƙo mini ya ce, "Wa zai saye ki? Ko kyauta za a ba da ke sai an haɗa da goro, ungo." Aka ƙara fashewa. Na warce goron, na dangwara masa waina biyu a hannu, na wuce gidan suna ina jin daɗin kaina.

Bayan kwana biyu ina tsaka da zuba ƙullu a tanda wayata ta fara kuka ba ƙaƙƙautawa. Zulkiflu ne ya ba ni ita bara, babba mai shafawa, kuma ina cikin guruf na matan layi, da na Islamiyya, da na dangi, da wani ma da ban san wa ya saka ni ba. Na goge hannu na duba. Sai ga fuskata cike da waya, an rubuta da manyan jajayen baƙaƙe a sama: 'YAR UWARSA TA FASA ƘWAI, SHUGABAN KWAMITI YA SAYAR DA FILIN TUDUN WADA A ƁOYE. An sa wani kiɗa mai sanyi irin na mutuwa a ƙasa. Ga ni ina cewa ɓarawo ne, ni shaida ce, ya daɗe da sayarwa. Daga nan aka yanke. Ba maganar kai ni kasuwa, ba dariyar liman, ba goro, ba waina. Sai aka nuno Ɗantsoho ya sunkuyar da kai, a hankali a hankali, kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Goro yake nema a aljihu, jama'a. Goron da zai ba ni. Da bidiyon ya ƙare sai talla ta biyo, ta bulo mai ƙarfi da ba ya jin ruwa. Ku canki bulon wa.

Zan faɗa muku abin da na yi, ko da za ku tsine mini. Dariya na yi. Na ga leshina ya fito da kyau, lallen nan ya kama, na ce ashe haka nake a talabijin. Da hannuna na tura shi guruf ɗin dangi da na matan layi, har na haɗa da saƙon murya ina cewa ku zo ku ga Gidan Rediyo ta zama gidan talabijin. A kaina, duk wanda ya san ni ya san Ɗantsoho ya san wasa ne. Ban tuna cewa waya ba ta tsayawa inda aka san ka ba.

Kafin azahar mutanen da ban taɓa gani ba suna ta sa mini albarka a ƙasan bidiyon. Wani daga Kano ya ce ni jaruma ce. Wata ta ce irin waɗannan tsofaffi masu farar jamfa su suka kashe ƙasa. Wani ya rantse ya san wanda ya ƙirga wa Ɗantsoho kuɗin. Wannan duk bai dame ni ba, baƙi ne. Abin da ya sanyaya mini jiki shi ne mutanen layinmu. Talatu, wadda a gidanta aka yi sunan, ta leƙo ta katanga ta rage murya ta ce, wai tsakani da Allah, akwai abin da na sani ne? Na ce Talatu, taubashina ne fa. Ta ce ta sani, amma ai da wasa ake faɗa wa mutum gaskiya. Liman da hularsa ta karkace don dariya, shi ma da ya kalli abin a waya sau ba adadi sai ya ce ya kamata dai a bincika. Mutum ya gani da idonsa, ya ji da kunnensa, amma da aka nuna masa a gilashi da kiɗa a ƙasa sai ya ƙaryata idon nasa. Ni da na yi shekaru ina kai labari gida gida ban taɓa samun irin wannan ƙarfi ba. Ni in na faɗi magana, ana cewa ai Shatu ce. Waya in ta faɗa, ba a tambayar 'yar gidan wa ce.

Washegari wani gidan rediyo ya ɗauka a shirin safe, wai rahotanni daga kafafen sada zumunta na cewa. An gaya mini Ɗantsoho yana kan kekensa zai je ofishin filaye, ya ji sunansa ya fito daga rediyon da ke ɗaure a gabansa. Wai ya sauka, ya tsaya a bakin titi ya daɗe, sannan ya juya ya turo keken da hannu har gida.

Da yamma saƙon Sakinatu ya shigo. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Murya a kwance ta ce, "Inna, Baba bai ci abinci ba tun jiya. Ya yi aiki shekara da shekaru ba a taɓa cewa ya ɗauki ko ƙusa ba. Na gode da abin da kika saka masa da shi." Na saurara na sake saurara. Na kira 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai, tana ta ringi ba a ɗauka.

Akwai maƙwabciyata Felicia, nas ce ta yi ritaya, tare muka tsufa a layin nan, ita ke auna mini hawan jini ni kuma ina biyanta da labari. Ashe ranar sunan ta ɗauki abin tun daga farko har ƙarshe a wayarta, don ita komai sai ta ɗauka. Ta shigo da sauri ta ce ga magani. Muka kalla tare, ga dariyar, ga goron, ga wainar. Na ji kamar an sauke mini dutse. Muka tura ko'ina, ta sa 'ya'yanta suka ɗora a nasu shafukan. To, nata bidiyon dogo ne, hannunta na rawa, iska na busawa, kuma sai ka haƙura da bayanin magudanar ruwa kafin ka iso wurin dariyar. Waɗanda suka kalla ba su cika tabarma ɗaya ba. Wani ya rubuta cewa ya yi tsawo, datarsa ba ta banza ba ce. Wani ya ce haɗawa aka yi daga baya. Gaskiya ta fito da zanin gida, ƙarya kuwa ta riga ta sha kwalliya ta tafi biki.

Sai na ce bari in je inda aka ƙulla abin a kwance shi. Na sa hijabi ruwan ƙasa, ban shafa ko hoda ba, na hau Keke Napep zuwa Kwangila. Ofishin Kunnen Gari na saman wani bene, sai da na huta sau biyu a matakala. Ciki sanyi kamar randa, fitilu masu zagaye a kan sanduna, kujeru masu laushi, a bango ga kalanda mai hoton bulo. Adnan na ganina ya durƙusa har ƙasa, Inna sannu, Inna ga lemo, Inna ke ce tauraruwarmu. Na ce ba lemo ya kawo ni ba. Na bayyana masa mene ne taubashi, ko da yake daga yadda yake murmushi na gane ya sani sarai, uwarsa ma tana da nata.

Ya ce, "Inna, ko kalma ɗaya mun ƙara miki?"

Na ce ba su ƙara ba.

"To kin gani. Mu abin da aka faɗa muke kawowa."

Na ce, "Dariyar fa? Ina kuka kai dariyar?"

Ya ce dariya ba labari ba ce.

Na tambaye shi bayanin ruwan da Ɗantsoho ya yi fa, shi ma ba labari ba ne? Ya ce mutane ba sa tsayawa kallon kwata. Amma tunda na zo, su masu adalci ne, za su ba ni dama in gyara. Aka zaunar da ni, aka kunna fitilun nan a fuskata. Na faɗi komai, tun daga ƙwan zabi. Na ce Ɗantsoho bai sayar da ko taku ɗaya ba, na ce in akwai mai laifi bakina ne. Ban yi niyyar kuka ba, amma da na zo kan cewa bai ci abinci ba sai hawaye suka ƙwace mini. Adnan ya miƙo mini hankici, ya rako ni har ƙasa, ya biya mini kuɗin keke. Na dawo gida ina cewa ashe yaron kirki ne.

Kafin magariba suka saki bidiyon. AN TILASTA WA INNA TA JANYE MAGANA? KALLI YADDA TAKE KUKA. Suka ɗora hotona na ranar suna, da leshi da lalle ina washe baki, kusa da na yau, da hijabi ruwan ƙasa ido jawur. Suka bar inda na ce bakina ne mai laifi, suka bar kukan. Ƙwan zabi kuwa ko ɓawonsa bai fito ba.

Daga nan abin ya bar hannun kowa. Aka rubuta ƁARAWO da gawayi a bangon gidansa. Kalmata ce, jama'a. Kalmar da na yi shekara sittin ina jifansa da ita yana cafewa yana dariya, ita ce wasu da ba taubasansa ba suka ɗauka suka rubuta masa a bango. Wasu matasa suka jefi ƙofarsa wai yana yi wa tsohuwa barazana. A masallaci aka fara barin 'yar tazara tsakanin kafaɗarsa da ta na kusa da shi. Kwamiti ya zauna ba tare da shi ba, aka ce ya ɗan huta har a gama bincike, aka naɗa wasu da suka ce su sulhu suka fi so. Binciken har yau ba a fara ba. Tifa kuwa ta fara, ina kwance ina jin ƙarar juye yashi a gindin darbejiya.

Na daina suyar waina. Tela ya aiko da ɗinkina, na jefa cikin akwati ban ko warware ba. In la'asar ta yi sai in shimfiɗa tabarma a zaure in zauna ina kallon ƙofa kamar wata 'yar shekara sha bakwai. Duk keken da ya gifta sai in miƙa wuya in leƙa.

Ranar Talatar da ta wuce ana yayyafi na ji an jingine keke a bango. Na san ƙarar, amma wani abu ya ɓace a cikinta, sai daga baya na gane babu muryar rediyo. Ya kwance ta, robar kawai ta rage tana lilo. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna can nesa a ƙarshen tabarma. Jamfar ta yi masa yawa. Na buɗe baki zan ce Ɓarawon Ƙwai ka ga dama, sai ya riga ni.

"Hajiya Ishatu, ina wuni. Ya gida, ya yara?"

Tun da uwata ta haife ni Ɗantsoho bai taɓa gaishe ni ba. Ranar da mijina ya rasu ma, da ya zo ta'aziyya, sai da ya raɗa mini cewa na cinye bawan Allah da surutu, kuma wannan ce maganar da ta fara sa ni numfashi a ranar. Yau ga shi yana tambayata ya gida.

Na ce lafiya lau. Na ba shi haƙuri, na faɗa masa har turawar da na yi da hannuna, don gara ya ji daga bakina. Ya ce ya sani, kuma bai riƙe ni ba ko kaɗan, ya san abin da na nufa, wasa ne da muka gada. Ya ce ba ni na yanka bidiyon ba. Duk maganar da mai hankali zai faɗa ya faɗa, a tsanake, yana kallon ruwan da ke ɗiga daga indararo. Ni kuwa da ya tashi ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na ga ba zan iya ba, sai na jefa masa ƙugiya. Na ce, "To Ɓarawon Ƙwai, ka zo hannu rabbana, ina gorona? Ko shi ma ka sayar?"

Na ga gefen bakinsa ya motsa. Wallahi amsar ta zo masa, na gan ta a idonsa, mai zafi ce kuma. Sai ya waiga ya dubi ƙofar zaure, ya dubi taga, ya dubi wayata da ke ajiye a kan tabarma. Ya haɗiye.

"Bari, Hajiya," ya ce. "Yanzu ba a san wa ke ɗauka ba."

Sannan ya gaya mini Sakinatu ta gyara masa ɗaki a Dutsen Abba, zai koma can ya zauna har ƙura ta lafa. Na ce maganarmu fa, ga ruwa ya kusa ɗaukewa. Ya ce in aka ɗaura yanzu, gobe za a rubuta cewa ya toshe bakin shaida da sadaki, kuma za a yarda. Ya ce a bar ta tukuna. Ku da kuke da sauran shekaru a gaba, tukuna ba komai ba ce a wurinku. Mu da muke da hawan jini mun san abin da take nufi.

Ya tashi, ya sa takalmi. A bakin ƙofa ya laluba aljihu ya ciro goro ɗaya fari, ya ajiye a gefen tabarma, ba a hannuna ba. Ya ce a gaida yara. Na bi shi da ido yana tura keken cikin yayyafi, ya bi ta doguwar hanya don kada ya wuce ta gaban yashin.

Goron na nan, ban ci ba.

Jiya Zulkiflu ya shigo yana ta fara'a, rabon da in ga haƙoransa tun da aka fara maganar aurena. Wai Adnan ya neme shi. Ranar Asabar za a aza harsashin shagunan, za a yi taro da rumfuna da manyan baƙi, Kunnen Gari za su nuna kai tsaye. Mai Bulo da kansa ya ce a gayyato Innar da ta tona gaskiya, a zaunar da ita a gaba, a ba ta makirfo ta sa albarka. Kuma in an gama gini akwai shago ɗaya na ƙasa da aka ware wa ɗanta. Ya durƙusa ya ce, Inna, shekara nawa ina shan rana a ƙarƙashin lema, ki taimake ni, kalma biyu ce kawai. Na dubi yaron nan, wuyansa duk ya ƙone da rana. Ba ƙarya yake yi ba.

Na ce ya ba ni lokaci. Da ya fita na leƙa ta katanga na kira Felicia, na tambaye ta mene ne kai tsaye. Ta ce shi ne abin da kake faɗa yana fita a lokacin da kake faɗarsa. Na ce ba a yankawa? Ta ce ba dama, sai dai su kashe gaba ɗaya, kuma kafin su kai hannu abin da ya fita ya fita. Ta tsaya tana kallona ta saman tabarau, ta ce, Shatu, me kike ƙullawa? Na ce ba komai, hawan jinina nake so ta auna.

Na san abin da zai biyo baya in na karɓi makirfon nan na wanke Ɗantsoho a gaban kowa. Zulkiflu zai rasa shago, wataƙila ya daina taka gidan nan. Filin ba zai dawo ba, yashi ya riga ya sauka. Gobe kuma su sake yanka ni yadda suka ga dama, su ce tsohuwa ta rikice. Ɗantsoho ma ba lalle ya ji ba, tunda ya kwance rediyonsa.

Amma na aika wa Adnan saƙon murya na ce ina zuwa, ya tanadar mini kujera mai kyau. Na buɗe akwati na ciro atamfar nan koriya mai ganye ruwan ɗorawa, na warware ta a kan gado. Tela ya ji maganata, ba ɗinkin tsofaffi ya yi ba. Don ɗaurin aure na saye ta. In auren ya mutu, to bakin da ya kashe shi ne zai yi masa zaman makoki, a gaban rumfa, da makirfo a hannu. Na ɗaure goron a bakin zanin, na zuba gawayi a cikin dutsen guga.